Damfara ta Waya da Kwamfuta: Abin da Doka Ta Tanada, daga Kasuwar Ɗanbatta zuwa Babbar Kotun Tarayya

Damfara ta kwamfuta, a dokar Najeriya, ita ce raba mutum da dukiyarsa ta hanyar sauya bayanan da ke cikin na'ura, ko ta hanyar aika masa saƙon ƙarya wanda zai gaskata har ya yi asara. Dokar hana laifuffukan intanet ta 2015 ta lissafa wayar hannu cikin na'urorin da take nufi, saboda haka laifin bai tsaya ga masu manyan kwamfutoci a Legas da Abuja ba. Wanda ya zauna a gindin darbejiya da ƙaramar waya, ya kira wata dattijuwa ya ce shi ma'aikacin banki ne, ya karɓi lambar katinta ya kwashe mata kuɗi, doka ɗaya ce ta hau kansa da wanda ya yi kutse cikin kwamfutar kamfani.

A ƙasar noma irin ta Ɗanbatta, da ke arewacin Jihar Kano a kan hanyar Kazaure da Daura, batun ya zama na kowa tun farkon 2023. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma kafin watan Fabrairu tsabar kuɗi ta yi wuyar samu a birni da ƙauye. Manomin da ya kai buhun gero ko gyaɗa kasuwa, da makiyayin da ya kai sa kara, da matar da ke sayar da man gyaɗa daga cikin gida, duk sai da suka koyi karɓar kuɗi ta transfa. Wasu sun buɗe asusu cikin gaggawa, wasu sun jingina da asusun ɗa ko ƙane ko mai POS na bakin kasuwa. Tsabar kuɗi ta dawo daga baya, amma al'adar ta zauna. Jama'a da yawa sun shiga hada-hadar banki ta waya ba tare da suna iya karanta saƙon da bankin ke turowa da Turanci ba, kuma ta nan 'yan damfara suka sami ƙofa.

Dokokin da aka fara da su

Zamba tsohon laifi ne, kuma tun kafin zuwan intanet akwai dokokin da ke hukunta ta. A kudancin ƙasar, sashe na 419 na kundin laifuffuka da aka gada daga Turawan mulki shi ne ya haramta karɓar dukiyar wani da ƙarya, daga nan lambar ta zama laƙabin 'yan damfara. A Arewa kuwa ana aiki ne da kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 320 ya bayyana abin da ake nufi da cuta ta yaudara, sashe na 322 ya yanke mata ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tara, ko duka biyun, kuma hukuncin yana hawa zuwa shekara 7 idan an haɗa da sojan gona. Jihar Kano ta ƙara da kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci a 2000. A fiƙihun Malikiyya ba a tsayar da haddin sata ga wanda ya karɓi dukiya da yaudara ko ya ci amana, domin mai dukiyar ne ya miƙa da hannunsa. Hukuncinsa ta'aziri ne gwargwadon ganin alƙali, tare da wajabcin mayar da abin da ya ci.

Waɗannan hukunce-hukunce sun yi sauƙi ga irin damfarar da ta ɓarke a shekarun 1980 da 1990, lokacin da ake aika wasiƙu da faks ƙasashen waje ana yi wa mutane alkawarin kaso daga dukiyar da babu ita, muddin za su fara biyan wani abu. Gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha ta fitar da doka ta musamman a kan haka a 1995, Majalisar Tarayya kuma ta sabunta ta a 2006. Dokar 2006 tana nan da ƙarfinta, kuma har yau tana cikin mafiya tsanani a wannan fage: wanda aka samu da karɓar dukiya da ƙarya zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara. Sashenta na 2 ya ambaci wata damfara da mutanen karkara suka sani sarai, wato masu cewa za su ninka kuɗi da tsibbu, ko su wanke baƙar takarda ta koma kuɗi. Hukuncinsu shekara 5 ne zuwa 15. Masu bugo waya da tsakar dare da sauyayyiyar murya, suna cewa su aljanu ne, a tura kuɗin sadaka ko katin waya kafin a buɗe wa mutum taskar arziki, tsohuwar sana'ar ce suka ɗora a kan waya, kuma wannan doka ta isa ta kama su.

Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, ta fara yin suna ne da shari'ar Emmanuel Nwude, wanda ya yaudari wani jami'in bankin Banco Noroeste na ƙasar Brazil da kwangilar bogi ta gina filin jirgin sama a Abuja. An ƙiyasta damfarar da dala miliyan 242, kuma an yanke masa hukunci a Legas a 2005.

Duk da haka giɓi biyu sun rage. Tsofaffin dokokin sun ginu ne a kan mutum ya yaudari mutum, ba su san yanayin da ba a yi wa kowa ƙarya ba, an dai shiga na'ura an sauya lamba. Sai kuma batun hujja, domin lauyoyi sun daɗe suna jayayya a kan ko takardar bayanin asusu da kwamfuta ta buga za ta karɓu a kotu. Dokar shaida ta 2011 ta raba wannan gardama a sashe na 84, wanda ya yarda da hujjar da ta fito daga kwamfuta, da sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin da ta samar da bayanin. Galibi ana yin haka da takardar tabbaci daga wanda ke kula da na'urar. Ɗaya giɓin sai a 2015 aka toshe shi.

Dokar 2015 da sassanta

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana laifuffukan intanet a watan Mayu na 2015, kwanaki kaɗan kafin ya sauka daga mulki, Shugaba Bola Tinubu kuma ya sa hannu a gyaranta a Fabrairun 2024. Dokar tana da faɗi. Ta taɓa ta'addanci ta intanet, da batsa da ta shafi yara, da cin zarafi a kafafen sada zumunta. Sashe na 24, mai magana a kan cin zarafin, shi ya fi yin suna saboda yadda aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati da shi, har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka taƙaita shi a gyaran 2024. Hayaniyar wannan sashe ta rufe sassan da suka fi shafar aljihun talaka, waɗanda ba kasafai ake bayaninsu da Hausa ba.

Jigon batun yana sashe na 14. Kashinsa na farko ya shafi wanda ya jawo wa wani asarar dukiya ta hanyar sauya bayanin da ke cikin kwamfuta, ko goge shi, ko shigar da wani, ko danne shi, ba tare da izini ba. Hukuncin ɗauri ne da bai gaza shekara 3 ba, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 7 ba, ko duka biyun, kuma laifin ya tabbata ko da mai laifin bai amfana da ko kwabo ba. Kashi na biyu ya fi kusa da rayuwar kasuwa. Ya shafi wanda ya aika saƙo ta na'ura da nufin zamba, ya ƙunsa ƙarya a ciki, wanda aka aika wa ko wani daban ya dogara da saƙon ya yi asara. A nan mafi ƙarancin ɗauri shekara 5 ne, mafi ƙarancin tara kuma naira miliyan 10.

Alat na bogi shi ne misalin da ya fi fito da wannan fili. Baƙo zai zo kara ya taya rago ko bijimi, dillali ya daidaita su, a yi sallama, sai ya ce zai biya ta transfa. Nan take saƙo ya shigo wayar mai dabba ɗauke da sunan banki da adadin kuɗin, ko kuma baƙon ya nuna hoton rasit a tasa wayar, ya ce matsalar sabis ce ta hana kuɗin sauka, amma suna hanya. A ɗora dabba a mota. Sai da la'asar, a wurin mai POS, za a gane cewa asusun yana nan yadda aka bar shi. Saƙon ba daga banki ya fito ba, da wata manhaja aka ƙirƙire shi, ko kuma tsohon rasit aka gyara wa suna da kwanan wata. Rukunan laifin duk sun cika a nan, domin an aika saƙo mai ɗauke da ƙarya, mai dabba ya dogara da shi, ya kuma yi asara. Ƙanƙantar kuɗin ba ta sauya komai, tun da sashen bai ƙayyade adadin da za a ci kafin laifi ya tabbata ba. Wanda ya ci kuɗin tiya biyu ta wake da alat na bogi sashe ɗaya ne ya hau kansa da wanda ya ci na tirela. Ƙirƙirar rasit ɗin ma laifi ne mai zaman kansa a sashe na 13, wanda ya haramta jabun bayanan kwamfuta, da ɗaurin aƙalla shekara 3 ko tarar aƙalla miliyan 7.

Sashe na 22 na sojan gona ne. Yana hukunta wanda ya yi amfani da lambar sirrin wani ko wata shaida da ta keɓanta da shi, da kuma wanda ya fito a matsayin wani mutum, rayayye ko matacce, ko wata hukuma, don ya amfana ko ya cutar. Ɗaurin zai iya kai shekara 5, tarar kuma miliyan 7. Mai buɗe shafin Facebook da sunan jarumin Kannywood ko fitaccen malami yana tara kuɗin taimakon marayu, nan ya faɗa. Haka wanda ya ƙwace WhatsApp ɗin wani ya bi 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya yana cewa yana asibiti, a ranta masa kafin gobe. Wannan dabara tana cin mutane ƙwarai a garuruwan da gidaje da yawa suke da ɗa a Kano ko Abuja ko kudu yana neman na kansa, domin da zumunci ake kafa tarkon. Ba a saba neman hujja daga ɗan'uwa idan ya ce yana cikin matsi ba.

Sauran sassan gajeru ne. Saƙon da ke yawo cewa gwamnati tana rabon tallafin taki ko jari, a latsa wani wuri a cike suna da lambar BVN da lambar kati, tarkon satar bayanai ne, kuma sashe na 32 ya yanke masa shekara 3 ko tarar miliyan 1. Kutse cikin kwamfutar wani da nufin zamba yana sashe na 6, da ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko 7 idan an nufi sace bayanai ko sirrin kasuwanci. Sashe na 33 ya shafi katin banki. Wanda ya yi amfani da kati don zamba zai iya shan shekara 7 ko tarar miliyan 5, sannan ya biya mai katin abin da ya rasa, kuma a nan masu tsayawa a bakin ATM suna nuna za su taimaka wa dattawa, su musanya musu kati, suke shiga. Taɓa na'urar ATM ko POS da nufin cuta shekara 5 ne ko miliyan 5 a sashe na 30, amma idan ma'aikacin banki ne ya haɗa baki aka yi, shekara 7 ne babu zaɓin tara. Gyaran 2024 ya faɗaɗa wannan sashe ya haɗa da kowace irin hanyar biyan kuɗi ta na'ura, tun da yanzu ciniki mai yawa ya koma kan manhajojin waya.

Ƙwacen waya, wanda ya addabi birnin Kano a 'yan shekarun nan, sau da yawa a waɗannan sassa yake ƙarewa. Layin da ke cikin wayar ya fi wayar daraja a wurin ɓarawo, domin da shi ake shiga asusun mai ita. Idan aka yi haka laifi biyu ne, na fashi ko sata a gefe ɗaya, na dokar 2015 a ɗaya gefen.

Masu aron asusu da layi

Sashen da ya fi cancantar a karanta wa matasan karkara shi ne na 27. Ya ce wanda ya yi yunƙurin aikata ɗaya daga waɗannan laifuffuka, ko ya taimaka, ko ya zuga, ko ya haɗa baki, hukuncinsa daidai yake da na wanda ya aikata.

Gwanin ɗan damfara ba ya karɓar kuɗi a asusunsa. Yakan nemi wanda zai ara masa asusu, ko ya sayar masa da layin waya mai rajista, ko ya buɗe sabon asusu da lambarsa ta NIN a sallame shi da 'yan dubbai. A garin da aron asusu ya zama ruwan dare bisa kyakkyawar niyya, inda saurayi ɗaya ke karɓar kuɗin mahaifiyarsa da na maƙwabta, wannan roƙo ba baƙo ba ne a kunne. Amma binciken kuɗi bin sawu ne, irin wanda ake yi wa satacciyar saniya: gidan da sawun ya shiga, mai shi ake fara tambaya. Mai asusun ne za a rufe wa asusu, shi za a fara gayyata, alhali wanda ya tsara abin mai yiwuwa ba a ma san sunansa na gaskiya ba. Wanda aka yaudara da gaske yana da abin kare kansa, domin sai an tabbatar da niyya kafin a same shi da laifi. Sai dai wanda kuɗi suka riƙa shigo masa daga mutanen da bai sani ba, yana cirewa yana miƙawa yana ɗaukar kasonsa, zai sha wuyar gamsar da alƙali cewa bai san komai ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ƙara matse shi, domin ta kama wanda ya karɓa, ko ya ɓoye, ko ya sauya wa kuɗi wuri, alhali ya sani ko ya kamata ya sani cewa na laifi ne. Hukuncin shekara 4 ne zuwa 14, ko tarar da ba ta gaza ninki biyar na kuɗin ba, ko duka biyun.

Masu POS sun fi kowa fuskantar wannan haɗari, domin sana'arsu ita ce mayar da transfa tsabar kuɗi. Baƙon da ya ce wani zai turo kuɗi asusun shago a ba shi a hannu, mai yiwuwa kuɗin wani ne da aka damfara mintuna kaɗan da suka wuce. A Disambar 2024 Babban Banki ya ƙayyade cewa kada wakili ya ba mutum ɗaya fiye da naira 100,000 a rana. Littafin da mai shago ke rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da lokaci shi ne shaidarsa ranar da aka zo tambaya. Mai gida ma bai tsira ba, domin dokar 2006 ta tanadi shekara 5 zuwa 15 ga wanda ya san ana damfara a gidan da ke hannunsa ya ƙyale.

Abin da ya sa sawun yake bayyana shi ne tsarin tantance mutane da aka gina cikin shekara goma. An ƙaddamar da lambar BVN a 2014. A Disambar 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ɗan asalin wannan gari, yake shugabantar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ya riƙe daga 2015 zuwa 2023. A Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Dokar 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar saƙonni har shekara 2, gyaran 2024 kuma ya wajabta wa cibiyoyin kuɗi neman NIN wajen tantance abokan hulɗa. Tsarin ya sauƙaƙa bincike, amma sunan da ke kan takarda yake nunawa, ko da wani ne ke riƙe da layin.

Tsakanin banki da mai asusu

Dokar 2015 ta ɗora wa bankuna nauyi. Sashe na 37 ya ce idan banki ya cire kuɗi daga asusu ba bisa izini ba, mai asusun ya sanar da shi a rubuce, dole cikin awa 72 ya kawo hujjar cirewar ko ya mayar da kuɗin, in ba haka ba ya biya su tare da tarar miliyan 5. Amma sashe na 19, bayan ya wajabta wa bankuna kafa matakan hana zamba, sai ya ce idan aka keta tsaron, mai asusu ne zai tabbatar cewa bankin ya yi sakaci. Wannan tanadi bai yi wa talaka adalci ba. Manomin da ba shi da lauya, bai kuma san yadda na'urorin banki ke aiki ba, ba shi da hanyar nuna abin da bankin ya gaza yi a cikin ofishinsa. Idan kuma da bakinsa ya karanta wa mai kira lambar sirrin da aka turo masa, bankin yakan ce laifin nasa ne. Banki ba ya kiran abokin hulɗa ya tambaye shi lambar sirri ko lambobin da ke jikin kati, kuma wannan ita ce alama mafi sauƙi ta gane mai kiran ƙarya. Wanda ya kai ƙorafi banki ba a warware masa cikin mako biyu ba yana iya ɗaukaka shi zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Daga ƙorafi zuwa hukunci

Kuɗin da aka sata ta waya ba sa kwana a wuri ɗaya. Cikin mintuna ake rarraba su zuwa asusu da yawa a cire, don haka sa'o'in farko su ne ke raba wanda zai ga kuɗinsa da wanda ba zai gani ba. Matakin farko shi ne sanar da banki a toshe kati da asusu, a kuma nemi ya tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, ko ofishin EFCC na shiyya da ke Kano. Rundunar 'yan sanda tana da cibiya ta musamman ta laifuffukan intanet a Abuja. Saƙonni da lambar da ta kira da hoton rasit su ne hujja, kuma wanda ya goge su don takaici ya raunana ƙararsa da hannunsa. Kunya ma tana hana da yawa magana, musamman dattawa da matan aure da waɗanda aka yaudara da soyayya ko alkawarin aure, kuma ɗan damfara ya san da haka tun kafin ya fara.

Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron laifuffukan dokar 2015, kuma ga mutumin Ɗanbatta hakan na nufin zirga-zirga zuwa birnin Kano. Laifuffukan dokar 2006 kuwa Babbar Kotun Jiha ma tana iya saurarensu. Ga wanda aka ci wa kuɗin rago ɗaya, kuɗin mota da ranakun aikin da zai rasa suna iya kusantar abin da ya yi asara. Shi ya sa ƙananan ƙararraki sukan ƙare a kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci da tuhumar cuta, ko a sasanta a gaban shugabannin kasuwa idan an kama mai laifin.

Jama'a kan yi mamaki idan suka ji an yanke wa ɗan damfara wata shida ko shekara ɗaya, ko an ba shi zaɓin tara, bayan doka ta ambaci shekara 5 da 7. Dalilin shi ne yarjejeniyar amsa laifi, wadda sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya halasta. Wanda ake tuhuma zai amsa laifi, ya mayar da abin da ya rage a hannunsa, mai gabatar da ƙara kuma ya sauya tuhumar zuwa sashen da ba shi da mafi ƙarancin hukunci, kamar sojan gona ko cuta a Final Kod. Hanyar tana rage cunkoso, kuma tana cikin abin da ke hanzarta shari'o'in EFCC, wadda ta sanar da samun hukunci 4,111 a 2024 a dukkan laifuffukan kuɗi. Illarta ita ce tana rage wa doka kwarjini a idon matasa. Tarar ma ta zube. Lokacin da aka rubuta miliyan 7 a 2015, dala tana ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500, kuma gyaran da aka yi bai taɓa adadin ba.

Ga wanda aka cuta, sassan da suka fi muhimmanci su ne na 48 da 49 na dokar hana laifuffukan intanet. Na farko ya ba kotu ikon ƙwace dukiyar da aka samu ta laifin da na'urorin da aka yi amfani da su, na biyu ya ba ta ikon umartar mai laifi ya mayar da kuɗin ko ya biya kwatankwacinsu. Tara ta gwamnati ce, ɗauri ba ya mayar da rago, don haka wannan umarni shi ne abin da ya kamata mai ƙara ya tabbatar an roƙa masa. Idan kuɗin sun riga sun salwanta, umarnin yakan tsaya a takarda.

Ƙetare iyaka da dandalin ninka kuɗi

Sashe na 50 ya ba kotun Najeriya hurumi a kan laifin da aka aikata a waje idan wanda aka cuta ɗan ƙasa ne ko mazaunin cikinta. A 2022 Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Budapest ta 2001, wadda ta tsara yadda ƙasashe ke musayar hujja a irin waɗannan laifuffuka. Jamhuriyar Nijar, wadda fatake ke kaiwa da komowa tsakaninta da kasuwannin arewacin Kano, ta kafa tata dokar a 2019. Manyan shari'o'in 'yan Najeriya da suka yi suna a waje aka yi su. An kama Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, a Dubai a Yunin 2020, kuma wata kotu a Los Angeles ta Amurka ta yanke masa wata 135 a Nuwamban 2022. Obinwanne Okeke ya sami shekara 10 a Amurka a 2021 kan damfarar kimanin dala miliyan 11. Baƙi ma suna shigowa su kafa sansani: a Disambar 2024 EFCC ta kama mutum 792 a wani gini a Legas, cikinsu har da 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40, bisa zargin damfarar soyayya da ta kuɗin kirifto.

Nau'in da ya fi cin mutane da yawa a lokaci guda shi ne dandalin zuba jari na bogi, inda ake biyan na farko da kuɗin na baya har abin ya rushe. MMM ta rufe asusun masu zubi a Disambar 2016, CBEX kuma ta durƙushe a Afrilun 2025. Irin wannan yana yaɗuwa ne ta hannun amintattu, aboki ya jawo aboki, wa ya jawo ƙane, domin ana ba mai kawo mutane la'ada. Dokar zuba jari da hannayen jari da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta haramta shi kai tsaye, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu kafawa da masu tallatawa. Takardar rajistar kamfani ta CAC, wadda irin waɗannan dandali ke yawan nunawa, ba ta ba kowa izinin karɓar jarin jama'a. Wannan izini Hukumar SEC ce ke bayar da shi, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na intanet.